Gida Ɗaya, Makunni Ɗaya: Yadda Wi-Fi da Bluetooth Ke Raba Wuta a Cikin Na'urorinmu

Gabatarwa

Duk wanda ya saba ratsa Utaibiyya da daddare ya san yadda shagunan wayar salula suke cika da jama'a, musamman a watan azumi ko idan aikin Hajji ya ƙarato. Wani ya kawo jawwal ɗinsa gilashi ya fashe, wani batir ya kumbura, wani kuma ya rungumo ɗan akwatin nan na Android da ake haɗawa da talabijin, yana cewa tun ranar da aka sake masa manhaja Wi-Fi ya ɗauke, Bluetooth ma ya bi sahu. Wannan koke na ƙarshe shi ne dalilin wannan rubutu. Domin kuwa ga iyalin da ke zaune a ƙasar nan, Wi-Fi ya wuce kayan ado: da shi ake ganin fuskar tsohuwa a Kano ko Maraɗi, da shi yara ke bin darasin makaranta, da shi ake biyan kuɗin wuta da sabunta takardu. Ranar da ya tsaya, gida ya shiga wani hali.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya haɗa Wi-Fi da Bluetooth har mutuwar ɗaya take jan ɗaya? Amsar tana da daɗin ji, kuma mai karatu ba ya buƙatar zama injiniya kafin ya fahimce ta. Duk wanda ya taɓa zaman gidan haya da maƙwabci, suna shan ruwa daga tanki ɗaya, ya riga ya san rabin labarin.

Maƙwabta Biyu a Gida Ɗaya

Asalinsu dai ba ɗaya ba ne. Ƙa'idar farko ta Wi-Fi ta fito ne a shekarar 1997, kuma an tsara ta domin haɗa kwamfutoci da juna ba tare da jan waya ba. Shi kuwa Bluetooth, kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya faro shi, aka kafa ƙungiyar da ke kula da shi a 1998, aka kuma raɗa masa laƙabin wani sarkin Denmak da ya yi mulki a ƙarni na 10. Aikinsa shi ne haɗa na'urori na kusa, kamar waya da abin sawa a kunne. To amma dukkansu biyu suna magana ne a zangon iska ɗaya, wato gigahaz 2.4. Daga baya Wi-Fi ya sami ƙarin fili a gigahaz 5, sannan a gigahaz 6, wanda hukumar sadarwa ta Saudiyya ta sanar a 2021 cewa za ta buɗe shi gaba ɗaya ga Wi-Fi. Duk da haka har gobe suna haɗuwa a zangon farko.

Tun da filin magana ɗaya ne, sau da yawa eriya ma ɗaya ce, sai masu ƙera kaya suka ga ya fi sauƙi da araha a zuba su cikin ƙwayar lantarki guda, irin wadda masu gyaran waya ke kira ai-si. Ta haka za su riƙa ba juna hanya, idan wannan yana magana wancan ya saurara. Misali sananne shi ne ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 3 da ta fito a 2016, wadda ke ɗauke da ai-si na kamfanin Broadcom mai lamba BCM43438. Haka nan RTL8723BS na Realtek, wanda ya cika ƙananan allunan hannu masu araha, da QCA6390 da WCN7850 na Qualcomm da ake haɗawa da manyan wayoyi.

A nan akwai abin lura. Ko da yake gidan ɗaya ne, kowane maƙwabci da ƙofarsa. Ɓangaren Wi-Fi, da yake kayan da yake ɗauka suna da yawa, yakan yi magana da ƙwaƙwalwar na'ura ta babbar hanya mai suna SDIO, irin ta katin ajiya, ko kuma PCIe wadda ta fi ta sauri. Ɓangaren Bluetooth kuma yakan bi ta wata tsohuwar siririyar hanya da ake kira UART. Saboda haka idan ka tsaya daga ɓangaren manhaja, abu biyu za ka gani waɗanda ba su san juna ba. Idan kuwa ka buɗe fanel ka duba da ido, ɗan baƙin dutse guda ne wanda bai kai farce ba.

Abin da Ai-si Ke Buƙata Kafin Ya Farka

Ai-si ba kamar ƙwan lantarki yake ba, da za a danna makunni ya kama. Abubuwa uku yake nema, kuma a jere.

Na farko wuta. Batirin waya yana bayar da wajen bolt 3.7 zuwa sama da 4, alhali sassan cikin ai-si wani yana son bolt 1.8, wani yana son ƙasa da bolt 1. Don haka akwai wasu ƙananan madaidaitan wuta, kowanne yana fitar da gwargwadon abin da ake so, kamar yadda istabilaiza ke yi wa firji. Ai-si ɗaya yana iya shan wuta daga madaidaita da dama a lokaci guda.

Na biyu agogo. Duk wani aikin lissafi a cikin na'ura yana tafiya ne bisa bugu, tamkar masu daka da ke bin kiɗan taɓarya. Akwai agogo mai sauri na lokacin aiki, akwai kuma na lokacin barci mai bugawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya. Wannan adadi shi ne dai na agogon hannu mai batir, kuma an zaɓe shi ne saboda idan aka yi ta raba shi biyu har sau 15, sai ya dawo bugu ɗaya cak a daƙiƙa.

Na uku shi ne layin riset, ko layin ba da izinin tashi. Wata ƙafa ce a jikin ai-si wadda, a mafi yawan lokuta, muddin babu wuta a kanta to ai-si yana daskare, ya manta duk abin da yake yi. Da zarar an ɗaga ta, sai ya soma aiki daga farkon karatu. Amfaninta shi ne a riƙe shi har wuta ta daidaita, agogo ya zauna, sannan a sake shi. Idan aka sake shi da wuri, zai tashi a gigice, ya ƙi amsa kira, ko ya yi aiki yau gobe ya ƙi.

Ke nan tsarin shi ne: a kunna madaidaitan wuta, a kunna agogo, a ɗan jira, a saki riset, a sake jira. Wajen kashewa kuma a bi ta baya. Kowane kamfani yana rubuta wannan jeri da tsawon jiran a takardar bayanin ai-si ɗinsa, kuma jiran ba ya wuce wani ɗan yanki na daƙiƙa. Amma wannan ɗan yankin shi ne bambancin na'ura mai lafiya da wadda za a yi ta kai wa mai gyara.

Kanel da Direbobinsa

Wa ke da alhakin bin wannan jeri? A nan ne za mu shiga babbar manhaja. Kowace babbar manhaja tana da zuciya, wadda masana ke kira kanel, kuma ita kaɗai ce ke taɓa ƙarfen na'ura kai tsaye. Wadda ta fi shafarmu ita ce Linux, da Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Duk wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan Linux take tafiya tun fitowar ta farko a 2008, haka ma akasarin na'urorin raba intanet na gida da akwatunan talabijin.

A cikin kanel akwai ƙananan manhajoji da ake kira direbobi, kowanne ya san yaren na'ura guda. Akwai direban gilashi, direban kyamara, direban sauti. Ga ai-si irin na QCA6390, direban Wi-Fi sunansa ath11k, na Bluetooth kuma hci_qca. Mutane daban ne suka rubuta su, suna zaune a sassa daban na kanel, kuma kowanne yana iya tashi ko ya kwanta ba tare da ya sanar da ɗan'uwansa ba. Babu ma tabbacin wanda zai riga wani tashi idan an kunna na'ura.

Zo Mu Zauna, Zo Mu Saɓa

Mu ɗauki misalin imara mai hawa biyu a nan unguwa, iyali ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Tankin ruwa ɗaya ne, injin da ke tura ruwa sama ɗaya ne, makunninsa kuma yana gindin matakala inda kowa ke iya kai hannu. Matar sama ta kunna inji tana wanki. Maigidan ƙasa ya gama alwala, ya ga inji yana ta ƙara, sai ya kashe don tsimin wuta. Shi a ganinsa gyara ya yi, ita kuwa ruwa ya yanke mata ana tsakiyar aiki. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Laifin na tsarin gidan ne, da bai tanadi hanyar da ɗaya zai san ɗaya yana amfani da inji ba.

Haka abin yake a cikin na'ura. Mai waya ya kashe Bluetooth, direbansa ya yi abin da aka koya masa: ya janye wuta don kada batir ya zube a banza. Idan wannan wutar ce Wi-Fi ke sha, sai kiran bidiyon da ake yi da gida ya tsinke. Matsalar riset ta ma fi wannan muni. A ce ɓangaren Bluetooth ya rikice, direbansa ya ga babu mafita sai ya ja layin riset don ya dawo da shi hayyacinsa. In layin ɗaya ne, Wi-Fi ma ya manta komai nan take, har da manhajar cikinsa da aka loda masa lokacin tashi, alhali direbansa bai san an yi ba. Zai ci gaba da aika saƙo ga wanda ba ya ji, har sai an kashe na'urar baki ɗaya an sake kunnawa.

Wasu kamfanoni sun rage wannan rikici tun daga ƙira. A yawancin ai-si na Broadcom akwai ƙafa biyu, WL_REG_ON da BT_REG_ON, kowane maƙwabci da tasa. Idan ɗaya daga ciki tana ɗage, wutar cikin gida tana nan. Sai an sauke duka biyun take mutuwa. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai ba kowane ai-si ke da ita ba, kuma ko mai ita, wani mai haɗa fanel yakan ɗaure ƙafafun biyu a layi ɗaya don tsimi. Sannan madaidaitan wuta na waje da agogon barci suna nan dai a matsayin kayan tarayya.

Ƙidayar Masu Amfani

Maganin farko da masu rubuta Linux suka kawo mai sauƙi ne, kuma irinsa ake yi a zauren gidan yawa: wanda ya fara fitowa da asuba shi ke buɗe ƙofa, wanda ya shigo ƙarshe da dare shi ke sa sakata. A harshen manhaja, ƙidaya ake yi. Duk direban da ke son wuta sai ya nema, a ƙara ɗaya a lissafi. In ya gama ya sanar, a rage ɗaya. Ba a kashe wutar sai lissafi ya koma sifiri. Direba ba ya taɓa makunni da hannunsa, roƙo kawai yake miƙawa.

Sashen kula da madaidaitan wuta, wanda ya shiga Linux a 2008 ta hannun Liam Girdwood da Mark Brown, a kan wannan ƙa'ida yake aiki. Sashen agogo ma haka. Shi kuwa riset ya ɗan jinkirta. Philipp Zabel ya kawo sashen kula da shi a 2013, amma da farko layi ɗaya na direba ɗaya ne. Sai a 2016 Hans de Goede ya ƙara masa tsarin tarayya. A ƙarƙashin wannan tsari, duk wanda ya karɓi layin riset a matsayin na tarayya ya amince da sharaɗi guda: yana da ikon neman a saki ai-si, amma neman a daskarar da shi ba zai yi tasiri ba sai kowa ya nemi hakan. Ma'ana, ya sarayar da damar jan riset a duk lokacin da ya ga dama, domin zaman lafiyar maƙwabcinsa. Daga baya an ƙara hanya ta uku, wadda ake karɓa-karɓa: wannan ya riƙe layin shi kaɗai, in ya gama ya saki, wancan ya karɓa.

A watan Mayu na 2024, cikin Linux 6.9, aka faɗaɗa wannan tarayya ta haɗa da layukan riset da ke fitowa daga ƙafafun ƙwaƙwalwar na'ura na gama-gari. Krzysztof Kozlowski ne ya yi aikin, kuma abin da ya jawo shi lasifikoki ne na wasu na'urorin Qualcomm, inda ake ɗaure biyu a layin kashewa guda. Wannan ya nuna cewa matsalar ta wuce Wi-Fi da Bluetooth; duk inda aka yi tsimin waya a fanel, sai an yi sulhu a manhaja.

To amma ƙidaya kaɗai ba ta isa ba. Tana hana a kashe wa wani wuta, amma ba ta san jeri ba, ba ta kuma san jira ba. Ai-si na QCA6390 yana buƙatar a bar tazarar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa tsakanin tayar da ɓangaren Wi-Fi da tayar da na Bluetooth. Direbobi biyu da ba su san juna ba, ta yaya ɗaya zai san yaushe ɗayan ya ɗaga tasa ƙafar?

Mai Barci Ba Ya Amsa Sallama

Akwai kuma wata matsala ta daban. Hanyoyi irin su PCIe da SDIO da USB an gina su ne bisa cewa na'ura ita ke gabatar da kanta. Idan kanel ya tashi, sai ya bi ƙofa-ƙofa yana sallama. Wanda ya amsa ya faɗi lambarsa, sai a nemo direban da ya dace da shi. Tsari ne mai kyau a babbar kwamfuta, inda wuta ke isa ko'ina tun kafin babbar manhaja ta farka. Amma a waya ko ƙaramin fanel, ai-si yana kwance babu wuta. Kanel ya yi sallama, shiru, sai ya ɗauka gidan kango ne ya wuce. Tun da ba a gan shi ba, ba za a kira direbansa ba, kuma direban ne aka ɗora wa alhakin ba shi wuta. Ga mai makulli a waje yana jiran a kira shi, ga mai kiran a ciki yana barci.

A ɓangaren SDIO an warware wannan tun 2015, cikin Linux 4.0, lokacin da Ulf Hansson ya shigar da wani ɗan tsari da ke kunna agogo ya saki riset kafin a yi sallamar. Da shi ɗimbin ƙananan faneloli suke tayar da Wi-Fi har yau. Sai dai na SDIO ne kawai, kuma bai san da zaman Bluetooth ba. An yi yunƙurin samar da tsari na kowa da kowa, ciki har da na Peter Chen a wajen 2016 da na Dmitry Baryshkov a 2021, amma ba a karɓe su ba. Dalilin yana da alaƙa da abin da ke tafe.

Bishiyar Na'urori

Ta ina kanel ke sanin cewa ƙafa kaza ce ke riƙe da riset, madaidaici kaza ne ke ba Wi-Fi wuta? A kwamfutocin tebur da na cinya irin na Intel, manhajar da kamfani ya dasa a jikin fanel ita ke ɗauke da wannan sani, ƙarƙashin tsarin ACPI. A wayoyi da ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwar ARM kuwa, akwai wata takarda da ake miƙa wa kanel lokacin tashi, ana kiranta bishiyar na'urori. Asalinta daga kwamfutocin kamfanin Sun ne, ta zama ƙa'ida a 1994, sannan ɓangaren ARM na Linux ya rungume ta daga 2011. An kira ta bishiya ne saboda tana da gindi da rassa: ga ƙwaƙwalwa, ga hanyoyin da suka fita daga gare ta, ga abin da ke rataye a kowace hanya. A taƙaice dai taswirar gida ce, mai nuna inda kowace waya ta bi.

Masu kula da wannan takarda suna da doka guda da ba sa sassautawa: taswira za ta faɗi abin da ke jikin fanel ne kawai, ba abin da manhaja ke sha'awa ba. Hikimar ita ce, ƙarfe ba ya canzawa bayan an sayar da shi, manhaja kuwa kullum cikin canji take, kuma taswira ɗaya ya kamata ta yi wa kowace babbar manhaja aiki. Saboda haka duk wanda ya zo da shawarar a ƙirƙiri wani reshe na boge mai suna "mai jera wuta", alhali babu irin wannan abu a fanel, sai a mayar da shi. Nan ne yunƙurin baya suka yi ta cijewa.

Maganin Shekarar 2024

Wanda ya kwance ƙullin shi ne Bartosz Golaszewski, kuma aikinsa ya shiga Linux 6.11 da aka fitar ranar 15 ga Satumba, 2024. Abin da aka lura da shi shi ne, a cikin waɗannan ai-si na Qualcomm akwai wani sashe na gaske mai kula da wuta, wanda ke karɓa daga waje ya rarraba wa ɓangarorin biyu. Tun da yana nan a zahiri, halal ne a zana shi a taswira. Sai aka zana rassa uku: sashen wuta, da Wi-Fi a ƙarƙashin PCIe, da Bluetooth a ƙarƙashin UART, aka kuma nuna cewa biyun nan daga na farkon suke shan wuta. Duk ƙafafun tayarwa da agogo da madaidaitan waje aka mayar da su hannun sashen wuta. Ba a yi ƙarya a taswira ba, kuma an sami mai gida.

A ɓangaren manhaja sai aka kafa sabon sashe mai suna pwrseq, wato mai jera wuta. Yana aiki da abubuwa biyu. Akwai mataki, kamar kunna madaidaita, ko kunna agogo, ko ɗaga ƙafar Bluetooth. Kowane mataki ya san matakan da dole su riga shi, kuma yana da ƙidayarsa. Akwai kuma manufa, wato inda direba ke son a kai shi, ko "wlan" ko "bluetooth". Direban Bluetooth ba ya sake taɓa wuta, iyakarsa ya ce a kai shi manufarsa. Idan shi ne na farko, sai a bi matakai tun daga tushe. Idan Wi-Fi ya riga shi, madaidaita da agogo suna kunne, sai a ƙara ƙidaya, a duba ko tazarar da ake buƙata ta cika, a ɗaga ƙafarsa kawai. Wajen kashewa, ƙafarsa kaɗai za a sauke, sauran su jira fitar na ƙarshe. Kamar dai a ce mazauna imara sun naɗa mai gadi guda, makunnin inji yana ɗakinsa, kowa ya faɗa masa buƙatarsa.

Matsalar mai barci ma an magance ta a wannan fitowar. Yanzu kafin a yi sallama a ƙofar PCIe, kanel yana duba taswira. In ya ga an ce akwai mai buƙatar wuta a wurin, sai ya tura wani ɗan ƙaramin direba ya tayar da shi, sannan a yi sallamar, ya amsa, a kira babban direbansa. An fara da QCA6390 da WCN7850, daga baya aka ƙara WCN6855, wanda ke cikin kwamfutar cinya ta ThinkPad X13s.

Amfanin Wannan Sani a Gare Mu

Kada mai karatu ya ɗauka duk Wi-Fi da ya mutu laifin direba ne. Wayoyin manyan kamfanoni suna zuwa ne da nasu kanel da aka gyara aka gwada, kuma sun daɗe da nasu hanyoyin sulhu na cikin gida. A irin waɗannan, idan Wi-Fi da Bluetooth suka mutu tare bayan faɗuwa, ko shigar ruwa, ko barin waya a mota cikin zafin Makka da ke haura digiri 40, to galibi dalmar da ke ƙarƙashin ai-si ce ta saki, ko madaidaicin da ke ba shi wuta ya ƙone. Mutuwarsu tare ita kanta alama ce: a nemi abin da suke tarayya a kai.

Amma akwai wuraren da manhaja ce abar zargi ta farko:

1. Idan matsalar ta soma ne daidai lokacin da aka sake wa na'ura manhaja. Wannan ya fi yawa a akwatunan talabijin masu araha, inda za ka ga suna ɗaya, kwali ɗaya, amma ai-si na ciki daban. Manhajar da aka zuba ta zo da taswirar wani fanel, kanel yana ta ɗaga ƙafar da ba ita ba. Maganin shi ne a buɗe akwatin, a karanta lambar fanel da ta ai-si, a nemo manhajar da ta dace. Kafin a zuba sabuwa kuma, a adana kwafin tsohuwa.

2. Idan kashe ɗaya yana kashe ɗayan, amma sake kunna na'ura yana dawo da su. Ƙarfen da ya ƙone ba ya warkewa da sake kunnawa.

3. Idan suna aiki lafiya sai bayan na'ura ta yi barci ta farka. Wannan yakan nuna ba a bi jeri daidai ba wajen tashi.

A kowane hali, kafin a kai wa mai gyara, a kashe na'urar gaba ɗaya, a cire ta daga soket in mai soket ce, a jira kaɗan sannan a kunna. Sake kunnawa na sama-sama wani lokaci ba ya yanke wa ai-si wuta, sai ya tashi da ruɗewarsa ta jiya. Mai gyara na ƙwarai kuma zai auna wutar da ke isa ai-si da ƙafar tayarwa kafin ya sa masa iska mai zafi, domin cire ai-si mai lafiya asarar kuɗi ce, kuma sau da yawa fanel ba ya komawa yadda yake.

Wani amfanin ya shafi tsawon ran kaya. Idan kamfani ya riƙe nasa maganin a kanel ɗinsa na gida, ranar da ya daina kula da na'urar ta zama marainiya. Idan kuwa maganin ya shiga Linux na kowa, ana ci gaba da gyara shi shekara da shekaru, kuma tsohuwar na'ura tana iya samun sabuwar manhaja. Ga mu da muka saba tura wa ƙanne da iyaye wayoyin da muka gama da su, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kammalawa

Kira na ƙarshe ga matasanmu ne. Tun 2016 hukuma ta keɓe sayar da wayar salula da gyaranta a shago ga 'yan ƙasa, abin da ya buɗe wa wasu 'ya'yanmu ƙofa ya kuma rufe wa wasu. Amma ilimin da muka tattauna a yau ba ya buƙatar shago. Rubutun Linux a buɗe yake kyauta ga duk mai son karantawa, gyara kuma ta wasiƙar imel ake aika shi, ana duba ingancinsa ne ba fasfon mai shi ba. Yaron da ya iya Turancin karatu, ya koyi yaren C, ya sami ɗan fanel irin Raspberry Pi, zai iya buɗe bishiyar na'urorinsa yau ya ga reshen Wi-Fi da na Bluetooth da idonsa. Daga nan ake farawa. Iyaye kuma, idan kun ga yaro ya kwance tsohon akwatin talabijin yana leƙen lambobin ciki, a bar shi, a ma ƙara masa da wani. Allah Ya yi wa zuri'a albarka, Ya sa mu dace.